Hau Mu Je: Ɗan Acaɓan Cikin Waya da Mai Ciwon Haƙori

Ciwon haƙori ba ya nuna ƙarfinsa sai dare ya raba. Da rana mutum zai iya daurewa, ya je gona, ya ci kasuwa, yana tauna da gefe guda yana cewa da sauƙi. Da zarar ya sa haƙarƙarinsa a tabarma sai zugi ya taso, ya kama kunne, ya kama ido, ya haura ka. A Unguwar Hajji da sauran garuruwan ƙasar Karaye da Rogo kowa ya san abin da ake yi daga nan. A fara da kanumfari, a kuskure baki da ruwan ɗumi da gishiri. In bai lafa ba, da safe a aiki yaro kemis ya karɓo na kashe zafi da kafso. Wasu kan danna ƙwayar asfirin a kan dasashi, ta ƙone naman wurin ta bar gyambo. Wasu ma, Allah ya kiyaye, har ruwan batir suke ɗigawa a kogon. Sai kunci ya kumbura, baki ya fara ƙin buɗuwa, sannan wani dattijo a majalisa zai dube shi ya ce, "Malam, wannan fa sai an cire." Daga nan tambaya ɗaya ta rage: a ina?

A da, masu amsa wannan tambaya sanannu ne: mai kemis, direban motar Kano, ko wata 'yar uwa da aka taɓa cire wa nata. Har yanzu suna nan, amma sun yi sabon abokin aiki. Da wuya ka shiga babban gida yau ba ka sami matashi mai babbar waya ba, kuma shi ake miƙa wa irin wannan tambaya. Tun watan Afrilun 2024 kamfanin Meta ya sa Meta AI a cikin WhatsApp ga 'yan Najeriya, ba sai an sauke wata manhaja ba. ChatGPT ya fito ne a watan Nuwamban 2022, daga baya kuma aka ba shi damar leƙa intanet ya nemo amsa nan take. A shekarar 2024 ce Google ya fara ɗora amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincikensa, ya kuma sa Hausa cikin harsunan da ake iya yi masa tambaya da murya. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, don tsohon da bai taɓa zama a aji ba zai iya kara waya a baki ya faɗi damuwarsa.

A Amurka da Ingila har an sami kamfanonin da sana'arsu ke nan: su gyara wa asibitin haƙori bayanansa, yadda idan mara lafiya ya tambayi wayarsa sunan asibitin zai fito. Su can gasa ce, likitoci sun yi yawa a kan titi guda kowa na neman kasuwa. Mu a nan maganar ta fi haka nauyi. Likitocin haƙori ƙalilan ne, yawancinsu kuma suna birni. Mutumin Unguwar Hajji da aka tura wurin da ba shi ba ya yi asarar kuɗin mota, ya yi asarar yini, ya koma gida da kumburin da ya fita da shi.

Hanya mafi sauƙi da zan bayyana yadda wannan na'ura take aiki ita ce in kai ka bakin tasha. Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Karaye ko ta Rogo ya san su: 'yan acaɓa jere a inuwa, wani ya kishingiɗa a kan babur, wani yana goge tanki da tsumma, wani yana zuba fetur daga galan ɗin 'yan bumburutu. Tun 2013 aka hana su ɗaukar fasinja a cikin birnin Kano, amma a karkara su ne ƙafar jama'a, su ne kuma matambaya. Baƙo ba ya buƙatar lambar gida. Ya ishe shi ya ce, "Ɗan samari, kai ni gidan mai ɗori," ko "Kai ni wurin mai cire haƙori." Yaron zai buga babur ya ce, "Hau mu je, Baba."

To, abin da ya sauya a intanet ke nan. Da, idan ka tambayi Google, jero maka sunaye yake yi, shafi bayan shafi, kai ne mai dubawa da zaɓe. Yanzu ya sayi babur. Ba ya jero maka goma. Suna biyu ko uku zai kira, ya ƙara da bayani mai daɗin ji, ya ce ga inda za ka. Wanda sunansa bai shiga cikin ukun nan ba, a wurin mai tambaya tamkar babu shi ne, ko da kuwa ya fi kowa iya aiki.

Ta yaya ɗan acaɓa ya san inda zai kai ka? Ba shi da haƙori mai ciwo, bai taɓa zama a kujerar likita ba. Ji ya yi. Ya kai mutum jiya, ya ɗauko shi yana ta sa albarka. Ya ga allo a bakin titi. Ya ji ana maimaita suna ɗaya a wurin mai shayi har ya zauna masa a ka. Ita ma ƙirƙirarriyar basira da jiye-jiye take aiki, sai dai nata jin karatu ne. An horar da ita da tulin rubuce-rubucen da ke intanet, sannan idan aka yi mata tambayar da ta shafi wuri, sai ta yi maza ta duba taswira, da shafukan asibitoci, da kundayen sunaye, da labaran jarida, da abin da mutane suka rubuta bayan sun je. Ta haɗa ta tace ta ba da amsa. Sunan da ta gani a wurare da yawa, da adireshi iri ɗaya da lambar waya iri ɗaya, shi take amincewa da shi. Wanda ba ta gani ba, ba za ta ƙirƙiro masa hanya ba. Ko kuma ta ƙirƙiro, kuma nan ne gizo ke saƙar.

Akwai wata ɗabi'a ta 'yan acaɓa da kowa ya sani: da wuya ɗayansu ya ce maka "ban sani ba." Kunya ce, ko tsoron kada fasinja ya kuɓuce masa, oho. Zai ce hau mu je, ya yi ta kurɗawa da kai lungu-lungu, in ya ga abin ya faskara ya tsaya ya tambayi mai rake, a ƙarshe ya sauke ka a ƙofar wani gida ya ce ai nan ne. Na'urar nan ta gaji wannan hali kaf, har ta ɗara. An gina ta ne ta riƙa haɗa kalmomin da suka fi dacewa su biyo juna, ba a gina ta ta yi shiru ba. Idan bayani ya yi mata ƙaranci, kamar yadda yake a kan ƙasar Karaye da Rogo, tana iya haɗa sunan wani asibiti da adireshin wani, ko ta ba da lambar wayar da ta daɗe da mutuwa, ko ta tura mutumin Rogo Legas don can ne rubutu ya fi yawa. Kuma murya ɗaya take amfani da ita, ta sani ko ba ta sani ba. Ɗan acaɓa aƙalla za ka ga yana waige-waige ka sha jinin jikinka. Ita ba ta waige.

A nan kamanceceniyar ta ƙare, domin ɗan acaɓa ya fi ta ta wasu fuskoki. Yana da ido. Ya bi ta ƙofar asibitin da safe ya ga kwaɗo, ya san likita ya yi tafiya. Ya san sashen da ake aiki ran Talata kaɗai. In ya ɓatar da kai, gobe ka san inda za ka same shi ka kai ƙararsa wurin shugaban tasha. Sannan yana jin rediyo. Wannan batu na rediyo ya kamata masu asibiti su tsaya su yi tunani a kansa. A Kano, tun da Freedom Radio ta fara aiki a 2003 gidajen rediyo masu zaman kansu suka yi ta ƙaruwa, duk mai son jama'a su san da shi can yake nufa. Bayan rediyo sai hoton sanarwa a WhatsApp, sai allon bakin titi, sai baki da baki. Duka huɗun nan kunnen na'ura ba ya kai musu. Abin da aka faɗa a iska ya bi iska. Abin da aka tura a rukunin WhatsApp a rufe yake. Asibiti zai iya yin suna daga Gwarzo har Kiru, amma a idon wayar yaron nan na Unguwar Hajji bai taɓa wanzuwa ba.

Maganin abin kuwa bai kai yadda masu neman kwangila ke zuzuta shi ba. Matakin farko kyauta ne: asibiti ya yi rajistar kansa a taswirar Google ta hanyar Google Business Profile, ya dasa alamar a daidai ƙofarsa, ba a tsakiyar gari ba. Inda babu sunan titi da lambar gida, kamar yawancin garuruwanmu, akwai gajeren lambar wuri da taswirar ke bayarwa, a haɗa da kwatance irin namu: bayan masallacin Juma'a, daura da gidan mai. Suna ya zama ɗaya a ko'ina. Mu muna gane cewa U/Hajji da Ung. Hajji da Unguwar Hajji wuri ɗaya ne. Na'ura tana iya ɗaukarsu garuruwa uku. Haka lambar waya: ɗaya, mai shiga, wadda akwai mai ɗagawa. Na fi ganin amfanin lambar da ake ɗagawa a kan shafin intanet na miliyan guda.

Bayan haka sai a rubuta, da rubutu na gaske ba hoton takarda ba, amsoshin tambayoyin da mutane ke yi da bakinsu. Mai ciwo ba ya tambaya da Turancin likitoci. Cewa yake, nawa ake cire haƙori? Ana yin ciko ko cirewa kawai ake yi? Ana wankin haƙori? Akwai hoto a nan ko sai an tura ni wani wuri? Ana ganin yara? Mai juna biyu fa? Wace rana likita ke zama, ƙarfe nawa ake rufe yankar kati? Akwai mace a cikin ma'aikata? Wannan tambaya ta ƙarshe kada a raina ta. Akwai magidanta da yawa da amsarta ce za ta sa su bar iyali su je ko su hana. Ana karɓar katin inshorar lafiya ta tarayya ko ta KSCHMA ta jihar Kano? Duk asibitin da ya zauna ya amsa waɗannan a shafi guda, da Hausa da Turanci, ya ba na'ura abin da za ta ɗauka ta kai wa mai tambaya. Hausar ma ita ce ribar ƙafa, don rubutun Hausa a kan lafiyar baki bai taka kara ya karya ba a intanet, wanda ya riga rubutawa shi za a riƙa karantowa.

Batun farashi na san zai sa wasu su ɓata fuska. Za a ce kaya na tashi kullum, ba a iya rubuta kuɗi. Gaskiya ne, amma ana iya cewa daga kaza zuwa kaza, a sa watan da aka rubuta. Manomin da zai sayar da kwanon masara kafin ya hau mota yana da haƙƙin ya san abin da zai tarar. Rashin sanin kuɗi na daga cikin abin da ke zaunar da mutane a gida har ciwo ya ci ƙarfinsu.

Sai kuma shaidar waɗanda suka je. Yadda ɗan acaɓa ke auna wuri da fuskar fasinjan da ya ɗauko, haka na'ura ke auna shi da abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashin sunansa. Babu laifi a ce wa wanda aka yi wa aiki ya ji daɗi, "Alhaji, in ba damuwa a sa yaro ya rubuta mana yadda aka gani." Laifin shi ne sayen yabo, a tara samari a ba su kuɗin data su rubuta ƙarya. Ban da haramcin abin, kamfanoni irin su Google suna goge irin wannan idan sun gano, wani lokaci su haɗa da shafin gaba ɗaya. Haka nan yaɗa hoton bakin mara lafiya ba da izninsa ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, MDCN, ita ma ta daɗe da taka wa likitoci birki a kan tallar kai. Likita ba mai maganin tasha ba ne da zai ɗaura lasifika yana cewa ya fi kowa. Amma faɗin inda kake, da ranar da kake zama, da aikin da kake yi, sanarwa ce ba fariya ba. Wanda kuma ya zo maka da jaka ya ce ka biya shi ya sa ChatGPT ya riƙa kiran sunanka a farko, ka ba shi ruwa ya sha ka sallame shi. Babu mai wannan iko.

Ba na cewa kuɗi ba sa shiga harkar. Akwai ɗan acaɓan da ke da kamasho a wani wuri, ko ina ka ce ya kai ka sai ya karkata da kai can. Google ya fara sa talla a cikin amsoshin ƙirƙirarriyar basira a Amurka tun 2024, kuma abin da aka fara can ba ya daɗewa bai iso nan ba. Ya kamata matasanmu su koyi duba ko an rubuta cewa talla ce a gefen sunan da aka ba su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ya fi kowa surutu a waya ba shi ne ya fi kowa sani ba. Buɗe TikTok ko Facebook ka gani: ga mai fitar da tsutsar haƙori da hayaƙi, ga mai garin da ke cike kogo cikin kwana uku, kowa da lambar waya manya-manya da alkawarin aikawa ko'ina. Babu wata tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne ke cin ragowar zaƙi a baki, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa cin haƙori har ya huda shi ya kai ga jijiya, kuma ramin da ya riga ya buɗe ba gari ko tsimi da zai rufe shi. Amma su waɗannan sun iya tallar kansu, ƙwararru kuwa sun yi gum. Hukumar PHIMA mai sa ido kan asibitoci masu zaman kansu a Kano takan rufe wuraren da ba su da rajista, sai dai rufe shago ba ya rufe shafi. Idan na gaskiya bai yi magana a inda ake tambaya ba, na bogi ne zai amsa. Shi ya sa nake ganin duk asibiti mai rajista ya kamata ya rubuta hakan ƙarara, da sunan hukumar da ta yi masa, da matsayin wanda ke aiki a ciki: likitan haƙori ne, ko jami'in kula da haƙori da ya yi karatun aikin.

Kuma wannan aiki ya fi zama wajibi a kan gwamnati fiye da 'yan kasuwa. Talakan Unguwar Hajji asibitin gwamnati yake nema. Manyan ba su ɓuya: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya yana da sashen haƙori da tiyatar fuska da muƙamuƙi, Jami'ar Bayero tana horar da likitocin haƙori, mutanen Rogo kuma da ke kan iyaka da Kaduna da Katsina suna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Waɗannan ko wace na'ura ta san su. Waɗanda ba a gani su ne na tsakiya, manyan asibitocin ƙananan hukumomi, inda ciko ko cirewa na yau da kullum ya kamata ya ƙare ba sai an dangana da birnin Kano ba. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya tana da kundin rajistar cibiyoyin lafiya a intanet, amma suna a kundi daban, sanin cewa ranar Laraba akwai mai duba haƙori daban. Ma'aikaci ɗaya a ofishin ajiye bayanai, da waya da izinin shugabansa, ya isa ya riƙa sabunta wannan. Sharaɗin kawai a faɗi gaskiya. In kujerar ta lalace a rubuta ta lalace. In ma'aikacin ya tafi hutu a rubuta ranar dawowarsa. Tura mutum ya tarar da ɗaki a kulle ya fi rashin tura shi muni, don ba zai sake yarda ba, kuma zai faɗa wa duk majalisarsu.

Kada a ɗauka maganar haƙori maganar ado ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki. Haƙorin da ya ruɓe ya tara mugunya yana iya zubar da ita zuwa ƙarƙashin harshe da wuya, ya toshe hanyar numfashi, ya yi kisa cikin 'yan kwanaki. A yara ƙanana masu fama da tamowa, gyambon dasashi na iya rikiɗewa ya zama cutar noma mai cin naman fuska, wadda akwai asibiti sukutum dominta a Sakkwato tun 1999, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a watan Disambar 2023. A irin waɗannan, kwana ɗaya da aka ɓata a neman hanya yana iya zama shi ne bambancin.

Don haka kai matashin da aka miƙa wa tambaya, ka tambayi wayar, babu laifi, matambayi ba ya ɓata. Amma kafin ka ɗora mahaifinka a mota ka kira lambar ka ji muryar mutum, ka tambayi rana da lokaci da kuɗi, ka kuma gwada amsar da ta ma'aikacin lafiya na garinku. In kuwa ka ga kumburi ya sauko ƙasan haɓa, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar yawu ta gagara ga zazzaɓi, ajiye wayar ku nufi babban asibiti mafi kusa ko da tsakar dare ne. Shugabannin asibitocin Karaye da Rogo da Gwarzo, da Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano, ku kuma roƙonmu gare ku ƙarami ne: duk inda ake duba haƙori a ƙarƙashinku, ku sa shi a taswira, ku rubuta ranakun aiki da Hausa, ku ba da lambar da za a ɗaga.